Damin Ciyawar Inna Hersent

Shekara talatin Inna Hersent ta yi tana sayar da busasshiyar ciyawa a layin makarantunmu a Paris, ciyawar da muke shimfiɗawa a ƙasa mu zauna ɗaukar karatu. Mijinta mai keken shanu ne, ya rasu tun ba a haife ni ba, ya bar mata ɗakin ajiya mai bene da ciwon baya. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba. Amma kullum tana bakin ƙofar ɗakin karatunmu, kunnenta na ciki, har ta iya Latin ɗinmu irin na tsince-tsince. Tana gyara wa ɗalibai hujja kamar yadda ake gyara wa yaro wuyan riga. Mu dai dariya muke yi mata.

Makon jiya na daina dariya.

Ranar muhawarata ta ƙarshe ce, cikin azumin Kirista. In na kare matsayina, a ba ni izinin koyarwa. In na kasa, in koma ƙauyenmu bayan shekara shida, in kalli idon kawuna da ya yi ta bugun ƙirji da ni. Al'ada ce a cika ɗaki da mutane, don haka abokaina suka fita titi suna jawo duk wanda suka gani. Cikin dukan mutanen birnin nan, wa sakaren abokin nan nawa Ernoul zai jawo? Inna Hersent, da igiyarta a kafaɗa.

Matsayina shi ne abin da ke cikin littafi: abu mai nauyi ninki biyu yana faɗowa da sauri ninki biyu. Na kare shi daga mutum uku, har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai na ji murya daga baya.

"Ɗan nan, ka taɓa jefo wani abu daga bene?"

Malam Odon, alƙalin muhawarar, ya ɗaga gira. Dokarmu ce, duk wanda ke cikin ɗaki yana da ikon kawo suka. Ba wanda ya taɓa tunanin rubuta "ban da mai ciyawa".

"Inna, don Allah," na ce da ita a hankali, "ki bari sai an tashi."

"An tashi ina? Ba ku kuka jawo ni ba? Kullum sai na jefo babban dami da ƙarami daga benena. Tare suke dira."

"Littafi ya ce..."

"Littafin ya taɓa hawa bene? To, ji nan, malam ƙarami. Ƙananan damuna biyu, kowa na faɗuwa da saurinsa. Na ɗaure su da igiya, sun zama ɗaya mai nauyi biyu. Igiyar ce za ta ce musu su yi sauri?"

Ɗakin ya ɗauki ihu. Wani ya ce, "A ba ta hular malanta!" Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, hujjar tata a tsare take, ba inda za ka sa mata yatsa. Shekara shida ina koyon tsara irinta.

Na yi abin da aka koya mana in an matse mu: na raba magana gida biyu. Na ce akwai abin da yake ɗaya bisa halitta, akwai wanda igiya ta mai da shi ɗaya, littafi kuma na farkon yake nufi. Na zuba Latin da sauri don kada ta bi ni. Malam Odon ya gyaɗa kai, ya ce amsa ta yi kyau. Aka ba ni izini.

Inna Hersent ta tsaya tana kallona. Ba ta ce na yi ƙarya ba. Cewa ta yi, "Barka, malam," ta fita.

Washegari na je na roƙe ta ta bar ni in hau benen. Na ce a raina ko dai ciyawa ce ke da wata irin ɗabi'a, sai na hau da duwatsu, babba da ƙarami. Sau bakwai ina sakinsu. Ƙara ɗaya nake ji.

"Ka gama? Kana tsorata mini kaji," in ji ta daga ƙasa.

"Inna, ranar Litinin babin nan zan fara koyarwa. Me zan ce musu?"

"Oho. Ku ke da izini." Ta miƙo mini tsintsiya. "Tunda kana sama, share mini wajen."