Tara da Huɗu da Farantin Gahawa

Kafin karta ta lalata ni, ni yaron kirki ne, ko da yake Umma za ta ce a rage wani abu. Shekarata sha shida, muna zaune a unguwar Malaz a birnin Riyad. Baba injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, kuma iƙamarmu duka, wato izinin zamanmu a ƙasar, a kan aikinsa take rataye. Babban laifina a lokacin bai wuce cinye naman baƙi ba.

A waya na koyi foka, wata cacar karta, da kuɗin ƙarya. Daga nan muka koma yi da ƙwallayen dabino a bayan makaranta. Sai wani ɗan ajinmu, Fahad, ya fara shirya gasa duk Juma'a bayan la'asar a gidan hutun kawunsa. Kowa ya ajiye wayarsa, a raba ƙwallaye daidai, wanda ya cinye na kowa ya kwashe wayoyin. A can na gano cewa farantin gahawa yana sheƙi kamar madubi. In ni ke rabo, ina ganin kowace karta tana wucewa ta samansa. Sai na zama gwani. Ɓarawo dai, amma ana tafa masa.

Ranar ƙarshe saura ni da Hamza, ɗan wani likita, haifaffen Riyad, wanda Hausarsa ke tafiya da sanda. Ni na raba. Na ga nasa sarai: bakwai da biyu, shara. Nawa tara da huɗu, shara mai ɗan daraja. Katuna biyar na tsakiya suka fito, ba su taimaki kowa ba. Sai Hamza ya turo ƙwallayensa duka, yana haɗawa da Larabci.

"Kullu! Yalla, ɗan ƙauye, akwai zuciya?"

Duk mai hankali da ke riƙe da tara da huɗu ajiyewa yake yi. In na ajiye, asirina a rufe, wasa ya ci gaba. In na bi shi, na ci, amma me zan ce ya sa na bi? Na san wannan tsaf. Sai dai ya ce mini ɗan ƙauye a gaban mutum goma sha biyu.

"Na bi," na ce, har da hura hanci.

Muka buɗe. Tarata ta ci bakwai ɗinsa.

"Da tara ka bi shi?" in ji Fahad. "Ya habibi, ko kai waliyyi ne, ko ɓarawo, kuma ban taɓa ganinka a sahun farko ba."

Ya zauna a wurina, ya wuce da karta ɗaya ta saman farantin. Kowa ya gani.

Na sha dukan da ya isa a raba wa unguwa guda, ni ma na sauke wa Hamza naushi ɗaya a baki. Maigadi ya kira 'yan sanda, suka tarar da karta, tulin wayoyi da haƙorin Hamza a ƙasa. Na yi mako uku a gidan gyaran tarbiyya, ina kwana kusa da wani mai minsharin janareta.

Ranar da aka sake ni Baba bai mare ni ba. A mota ya ce, "Kamfani ba zai sabunta mini kwantiragi ba. Kai za ka faɗa wa yayarka."

Yaya Safiya saura mata wata huɗu ta gama sakandare. Da na faɗa mata, ta kalle ni yadda ake kallon abin da aka tako da takalmi, ta ci gaba da ninke kayanta. Ni ma haka nake kallon kaina. Na tuba, na roƙi Allah gafara.

'Yan'uwana matasa, duk wanda ya ce ku zo, da ƙwallon dabino kawai ake yi, ku tashi ku bar wurin. Ni na ci gasar. Jibi jirginmu na komawa gida zai tashi, kuma har yau Yaya ba ta amsa gaisuwata.