Gonar Monji ta Cikin Teku

Duk tsibirin Ƙarƙanna an san Monji da abu biyu: taurin kai da gonar teku. Gonar gado ce, da takardarta mai hatimi tun zamanin kakansa, tana ajiye cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Kowane Satumba yakan saro rassan dabino ya kafa su cikin ruwa layi-layi, su zama katangar da ke bi da kifi har cikin kwanduna. Sharfiya ke nan. Da Yuni ya kama kuwa sai ya tumɓuke komai, ya bar ruwan ya huta wata uku, kamar yadda ya taras ana yi.

Shekarunsa sittin da takwas. 'Ya'yansa maza biyu sun tsallaka Italiya, sai gaisuwar waya ranar sallah. Wadda ta rage masa ita ce Widad, 'yar ƙanwarsa, wadda ta tashi a cikin kwalekwalensa, yanzu take nazarin ciyawar teku a jami'a a Safaƙis. An yi mata tayin aiki a Kanada. Ta ce ƙoƙari ɗaya za ta yi: za ta nemi tallafin bincike a kan sharfiya, in bai fito ba ta haɗa kayanta. Monji na tsoron tafiyar nan kamar me, amma ya gwammace ya haɗiyi ƙaya da ya ce mata kada ta tafi.

Takardar neman shafi arba'in ce. Wata rana tana cikewa a tsakar gidansa, ta ɗago kai.

"Kawu, suna son hujja a kan juriyar al'umma."

"Juriya? Rubuta musu cewa na shekara arba'in ina shan shayin Zuhra."

"Ai kuwa yau ka sha na ƙarshe!" in ji matarsa daga kicin.

Takarda ta tsallake zagayen farko. Aka ce za a turo mutum ya ga wurin da idonsa, ta zaɓi watan da zai zo. Widad ta duba lokacin da ba ta koyarwa, ta rubuta Yuli. 'Yar tsibiri guda, wadda ta sha ɗaukar ruɓaɓɓun rassa a ka! Zaman birni bai yi ba. Sai ana saura kwana huɗu ta tuna babu rassa a ruwa a Yuli, ta hau jirgin fito ta iso a firgice.

"Kawu, don Allah layi ɗaya kawai. Ka kafa da safe, ya ɗauki hoto, ka cire da yamma."

"A Yuli?"

"Kwana ɗaya fa na ce!"

"'Yar nan, ko biki ake a ƙasan ruwan ba na kafa reshe a Yuli. Gobe a gidan shayi da wane ido zan kalli mutane?"

"To shi ke nan. Ka taya ni neman rigar sanyi."

Maganar ta soke shi, har kuskus ɗin ranar bai wuce masa ba. Sau biyu ya je gindin dabino da adda a hannu, sau biyu ya dawo da ita ko ganye bai yanka ba.

Baƙon ya zo, wani Dakta Lutfi daga Tunis, da takalmin da bai taɓa ganin laka ba. Monji ya tuƙa su a kwalekwale, yana daidaita hasumiyar masallaci da wani dogon dabino a gaɓa, ya kashe inji.

"Mun iso, Dakta Lutfi."

Baƙon ya duba gabas, ya duba yamma. Ruwa fetal.

"Ina sharfiyar?"

"Tana hutu. Kai ba ka zuwa hutu?"

Widad ta sunkuyar da kai. Monji ya miƙa wa baƙon wani bokiti mai gindin gilashi, ya ce ya ɗora shi a kan ruwa ya leƙa. Ciyawa ce kore shar, ƙananan kifaye na ta kai-komo a ciki ba iyaka. Sannan ya matsa da su bayan iyakarsa, inda masu jan raga a ƙasan teku suke wucewa ba rani ba damina. Nan yashi ne tsirara, sai ƙaguwa.

"Rassan kowa zai iya kafawa," in ji Monji. "Cirewar ce sana'ar."

Jiri ya riga ya kama baƙon. Ya dai yi rubutu mai tsawo a kan gwiwarsa.

A Satumba Widad ta shigo gidan da gudu, Monji na feƙe rassa. An amince, shekara uku. Saura sharaɗi ɗaya, wasiƙar izini daga mai wurin.

Ya tashi ya sauko da gwangwanin biskit, ya hure ƙurar, ya ɗora mata a cinya.

"Ni hannuna rawa yake yi. Rubuta wa kanki izinin."

"Kawu, mai wurin fa aka ce."

"Na ji. Kunnena ƙalau. Gobe da asuba ki zo da tsohon wando, gonarki na jiran rassa."