Inno a Bakin Ƙofar Tudun Salama

Yayata ce, ciki ɗaya, ta girme ni da shekara shida. Duk garinmu Ceberu Inno ake ce mata, ni kuwa Adda nake kiranta. Tun muna 'yan mata aka san bambancinmu: ni Huseina bakina ba linzami, ita kuwa sai ta yini ba ka ji muryarta ba in ba shanu take kira ba. In ana son a kunyata ni sai a ce, "Dubi 'yar'uwarki." To, na duba. Shekara sittin ina dubawa, kuma abin da na gani zan faɗa, mai jin haushi ya ji.

Ɗanta na fari shi ne Abdulgani. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. Mata da yawa suna yi shekara biyu uku su gaji. Adda ta ɗauki abin kamar farilla. Ranar da aka yaye shi za a kai shi wurin kakarsa a Kambaza, tatsa take yi, ko kai ba ta ɗaga ba. Ni na ga yadda nonon ke zuba a gefen ƙwaryar, amma wa ya tambaye ni? In ya zo hutu daga makarantar Gwandu, sai ta ajiye ƙwaryar fura a bakin ɗaki ta ce wa iska, "A sha." In dole ta kama a yi zancensa, "wancan" take cewa. Uku ta haifa bayansa, duk ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana. Wancan ɗin dai shi ya rage mata.

Ya yi karatu, ya kama aikin gwamnati a Sakkwato, ya auri Zulai. Da aka ba mu jiha aka dawo da su gida, sai gwamnati ta ba shi gida a wata sabuwar unguwa da aka yanka a kan hanyar Kalgo, wai ita Tudun Salama. Salamar me! Tudun rairayi ne da ko awaki ba sa tsayawa a kansa, 'yar sabarar da ke wurin ma mota ta ture ta. Aka zagaye shi da katanga, aka ɗora waya a kai, aka bar ƙofar ƙarfe guda ɗaya da ɗakin mai gadi. A bakin ƙofar an kafa wani ƙaton allo, an zana kasuwa da makaranta da lambu har da tafki. Ni dai ban ga ko ɗaya ba. Gidaje na gani, wajen ɗari biyu, fenti ɗaya, ƙofa iri ɗaya, sai ka ce ƙwan zabi.

Da mijinta ya rasu, Abdulgani ya zo ya ɗauke ta ya kai ta can. Kafin abin ya faru sau biyu na je, kuma duka biyun don ita ne. Ba a kiwo, ba a talla, ba a daka a turmi saboda manya suna hutawa, ba a shanya a kan katanga. Ta kai kaji uku, kwamitin unguwa ya aiko takarda, aka yanke su. An yi haihuwa a gidan da ke jikin nasu, ta ɗauki zanenta ta je barka, aka amsa mata ta taga. Ruwa ma sai tanka ta kawo. Matar da ta saba tashi da kukan maruƙa, ga ta zaune a kan siminti tun safe tana kallon bango.

Na ce, "Adda, wannan ai kurkuku ne aka shafa wa fenti. Tashi mu koma gida."

Ta ce, "Da la'asar nakan ji motar wancan ta tsaya. Nakan ji sallamarsa."

Daga nan na bar zancen komawa gida. Shekara arba'in ba ta taɓa kwana gida ɗaya da shi na wata guda ba. Wannan sallamar ita take ci, ita take sha.

A bazarar shekara ta biyu shawara ta kama shi. Idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura, aka kai shi asibiti, bayan mako uku likita ya ce a koma gida. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Zulai ta gaya mini Adda ba ta taɓa shiga ɗakin ba in da mutane, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ba shi baya tana jan carbi. Shi kuwa yakan ce, "Zulai, Inno tana nan?" A ce tana nan. Sai ya rufe ido.

Ranar Talata da sassafe ta ɗauki ƙwarya da ɗan ƙarfen tono ta fita neman saiwar rawaya, wadda muke jiƙa wa mai shawara. Ba ta gaya wa kowa ba, don faɗa ma nuna damuwa ne. Ta yi tafiya mai nisa kafin ta samu, ta dawo da hantsi, ƙafa duk ƙasa, ƙwarya a ka.

Ashe a makon an yi sata a unguwar, kwamiti ya kori tsohon mai gadi wanda ya san ta, ya kawo wani tsohon soja, Ɗanjuma, ranar ya fara aiki, bayan ta fita. An ba shi littafi mai sunayen masu gidaje, an ce duk mai ƙafa sai ya faɗi sunan mai gidan da zai je, masu tallar nono kuwa kada ya kuskura.

Ya ce, "Iya, ba a talla a nan."

Ta ce, "Ba talla ba ne, a ciki nike."

"Gidan wa?"

Ta ce gidan Zulai. Ya duba, babu sunan mata a littafin. Lamba nawa? Ba ta san lamba ba. Ta ce mai gidan aikin gwamnati yake. Ya ce duk unguwar aikin gwamnati suke. Ta ce mutumin Ceberu ne, ba shi da lafiya. Ya ce, "Iya, suna kawai. Mutum ya zauna gida bai san sunan mai gidan ba?"

Kalma ɗaya fa! Da ta ce masa ɗanta ne na fari, wataƙila da ya gane. Amma ko "ɗana" ba ta iya cewa, bare a gaban baƙon namiji. Ta sunkuyar da kai. Shi kuma ya ga tsohuwa ta kasa faɗin suna, ya ce ta matsa daga hanya. Ta zagaya bayan ɗakin gadin inda katanga ta yi 'yar inuwa, ta zauna, tana cewa a ranta wani zai fito ya gane ta. Wa zai gane ta? Mutanen da ke wucewa cikin mota, gilashi a rufe, shekara biyu ba wanda ya san fuskarta.

Rana ta take. Ta yi taimama ta yi azahar a wurin. Motoci suka riƙa shiga fiye da kullum, ba ta kawo komai ba. Zulai kuwa ta aika a neme ta a kasuwar Kalgo, motar ta wuce ta da taku goma. Can aka buɗe ƙofar duka biyu, wata a-kori-kura ta fito da makara a baya, maza na biye. Adda ta miƙe tsaye kamar yadda ake yi, ta ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Ta koma ta zauna. Ta ce mini a nan ne ta ce a ranta ga na wasu ya tafi, ita tana zaune da magani a ƙwarya.

Ta tashi ta je tagar mai gadin. Ta ce sau uku tana buɗe baki yana rufewa. A na huɗu ta faɗa, da ƙarfi, har ta tsorata da muryarta.

"Abdulgani."

Ɗanjuma ya miƙe da sauri yana laluben makulli. Ya ce, "Haba Iya, ai da kin ce gaisuwa kika zo! Tun ɗazu aka ce in buɗe wa duk mai zuwa gidan. Layi na huɗu, inda tabarmi suke. Allah ya jiƙansa, yanzu aka fita da shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta shiga da ƙafarta, ta ajiye ƙwaryar a bayan ƙofa, ta zauna cikin mata. Da na iso washegari na tarar 'yan Ceberu sun cika gidan suna yabonta, wai Inno ta cika 'yar asali, ko hawaye ba ta yi wa ɗan fari ba. Wallahi ji na yi kamar in kwashe su da mari. Ban yafe wa katangar nan ba, ban yafe wa littafin ba, mu ma da muka yi shekara arba'in muna ce mata madalla ban yafe mana ba.

Bayan arba'in aka karɓe gidan, na dawo da ita wurina. Tana nan, tana ci in an ba ta. Sau ɗaya ta ba ni labarin nan, muna tsince wake, ba ta dube ni ba. Da ta gama sai ta ce, "Zulai ta ce da hantsi ya tambaya ko ina nan." Na ce to me aka ce masa? Ta ce, "An ce na fita."