Sunan da Selig Ya Sa wa Ɗansa

Selig Wertheimer ya iso unguwarmu ta Washington Heights a 1941, ta jirgin ruwa daga Lisbon, da akwati ɗaya da almakashin tela. Ni na ba shi hayar ɗakin baya, shi ya sa na riga kowa lura: sai an kira sunansa sau biyu yake waiwayowa.

Shekara huɗu yana gyaran kwat a shagon Bloch, bai taɓa leƙa taron 'yan garinsu Fulda ba. Uwargida Plaut ta hawa na uku, wadda ɗanta ya maƙale a Marseille saboda rashin biza, ta sa masa ido.

"Takardun nan ba nasa ba ne, Hedwig," ta ce mini. "Wasiƙa ɗaya zan rubuta wa ofishin shige da fice, su tasa ƙeyarsa."

"Ke da katin gaisuwa ma ke gagararki?" na ce mata.

Selig ya auri wata mai suna Tirza, ta haifi namiji. Rana ta takwas muka cika falona don kaciya. Tsoho Reb Anshel, mai kaciyar, ya gama aikinsa, ya sunkuyo. "Wane suna?"

"Selig."

"Na yaron nake tambaya, ɗana."

"Selig."

Mu Yahudawa ba ma sa wa jariri sunan mai rai, balle na ubansa da ke tsaye.

Uwargida Plaut ta ajiye kofinta. "To kai wane ne?"

"Moritz, ƙanin Selig. Biza ɗaya ta fito, da sunansa, yana kwance da zazzaɓi a sansanin tsare mutane na Gurs. Makon jiya na samu labarin can ya rasu."

"Shi ya ba ka, ko zarewa ka yi daga ƙarƙashin matashinsa?"

Tirza ta karɓi jaririnta ba tare da ta dube shi ba.

Da ya ga dama, da ya faɗi wani suna, ya ce Dawid, a ci kek a watse. Ni dai ina zargin ba yayansa yake karramawa ba. Alƙali yake nema, ya zaɓi wadda ta fi kowa tsanarsa.

"Ba zan rubuta ba," in ji Uwargida Plaut daga bakin ƙofa. "Su korarka kawai za su yi. Ni kuwa kullum za ka gamu da ni a matakala, Moritz."

Shekara goma sha tara suka yi a bene ɗaya. Bai taɓa neman wani gida ba.