Hasken Yatsa Huɗu

Ƙiiiii.

Kukan tagar ɗakin Baba ke nan, kuma duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Kaura Namoda ya san shi. Da hantsi ya ɗago sai ka ji ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya. Baba ya buɗe ta ke nan, ya zura hannu a tsakani ya auna: yatsa huɗu. Ba biyar ba, ba uku ba.

Satin da aka kawo ni gidan ina amarya, neman suna ya sa na ɗebo man gyaɗa a murfin kwalba zan ɗiga wa ƙarfen tagar. Sai na ji murya a bayana.

"'Yar boko, mi za ki yi?"

Na durƙusa. "Baba, kuka take yi."

"To ke kinka buge ta? Bar ta. Ita ka gaya mani in wani ya taɓa. Mai kuwa na miya ne, maida shi."

Daga ranar na zama 'Yar boko, saboda na yi sakandare, har ya bar duniya bai sake mani suna ba.

Ku da kuka san shi ba sai na ce Baba Mai Gilashi nake nufi ba, surukina, mahaifin maigidana. Ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Wani injiniya baƙo da zai koma ƙasarsu ya raba wa ma'aikata kayansa: wani agogo, wani keke, Baba kuwa akwatin gilashi na kiwon kifi. "Kowa an ba shi kyauta," in ji shi, "ni an ba ni aiki." Amma ba kifin ne ya dame shi ba. 'Yan kifaye ne guda biyar da ba su kai ɗan yatsa ba. Abin da ya riƙe masa rai wani ganye ne siriri mai laushi kamar gashin jariri, da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa. Ba wanda ya san sunansa, shi ya raɗa masa: Mai-kunya.

"Kifi baƙo ne," yakan ce. "Ganye shi ne mai gida."

Karatunsa ɗaya ne, kuma kowa ya sha shi. Haske abinci ne. Wani sai malmala uku, wani loma biyu ta ishe shi, Mai-kunya kuwa 'yar loma biyu ce. Tana son hasken gari, ba ta son idon rana ya taɓa gilashinta. Daga hantsi zuwa la'asar za ta ci, da an kira salla sai ya lulluɓe akwatin da tsohon zanen Inna, uwarsu maigidana. In yana shakka sai ya ɗaga tafin hannu bisa ruwan. In inuwar ta fito har ana ƙirga yatsu, haske ya yi yawa. In babu inuwa sam, ya yi kaɗan. Abin da ake so, in ji shi, inuwa mai kokwanto.

Kafin in ba ku dariya, ku riƙe sunan Ma'u, ɗiyata ta uku. Ta kai shekara biyar ba ta magana. Ba kurma ba ce, tana jin komai, likita ma ya ce lafiyarta ƙalau. Ni uwarta, sai dai ta gyaɗa mani kai ko ta ja mani zane. An yi rubutu, an yi tofi, mata sun ce a riƙa tsawata mata, a fitar da ita cikin yara. Wuri ɗaya tak aka taɓa jin muryarta: gaban akwatin nan, a kan cinyar kakanta, tana yi masa raɗa a kunne. Na yi kuka a kan sallaya ba sau ɗaya ba. Rannan Baba ya ga idona ya ce, "'Yar boko, ku daina haska mani amarya. Ita ma 'yar loma biyu ce. Ku rage mata ido, za ta tsiro."

To, ga labarin Zurmi. Wani ɗan ɗan'uwansa zai yi aure, aka naɗa Baba wakilin ango. Muka cika mota muka tafi. Lokacin ɗaurin aure ya yi, liman ya zauna, goro ya zauna, babu wakili! Maigidana ya ce sai da suka bi gari kaf, can suka hango shi a bakin gulbi, ƙarƙashin wata bishiya da ta sunkuya kan ruwa, ya shiga har ƙugu da babbar rigarsa ta Salla.

"Baba! Jama'a na jira!"

"Ango shekara talatin shina jira, mi zai same shi? Zo riƙe mani hula. Na samo ma Mai-kunya 'yar'uwa."

Haka ya karɓi auren mutane, riga na ɗiga, kai babu hula, hular, da sabon ganyen a ciki, na cikin kwanon ruwa ya rufa mata hannun riga. A hanyar dawowa kuwa ni shaida ce. Ya zauna gefen da babu rana, da hanya ta yi kwana rana ta juyo, sai ya buga jikin mota.

"Direba, tsaya! A yi canjin wuri."

Sau uku ana sauke mu. Inna ta ce, "Malam, ni da ka ɗauko daga Dauran a kan jaki, tsakar rana, ko malafa ba ka miƙo mani ba."

"Ke ai gero ce," in ji shi. "Rana ka gyara ki."

Shekarar da aka ba mu jiha, ƙanin maigidana, Lawali, ya sami aiki a Gusau. Ya dawo da takalmi mai ƙara da wani ƙaton ƙwan lantarki, ya ce zamanin duhu ya wuce. Ya tarar Baba ya tafi Banga ta'aziyya, zai yi kwanaki. Don ya ba shi mamaki sai ya rataya ƙwan a kan akwatin, ya bar shi a kunne ba dare ba rana, in dai akwai wuta. Na ce, "Lawali, anya?" Ya ce, "Yaya, ci gaba ne, ku dai ba ku sani ba."

Ranar da Baba ya dawo, ruwa ya yi ɗumi, ya zama kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ta lulluɓe gilashi, ta naɗe Mai-kunya, kifin ma sai dai ka ga giftawarsu. Baba ya dubi akwatin. Sannan ya ce, a hankali:

"Lawali. Jiha anka ba ku, ba a ba ku rana ba."

Ya kashe ƙwan, ya zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ɗan tiyo, ya cika da ruwan sama da ya tara a randa, ya goge gilashin da tsumma, ya lulluɓe akwatin ruf kwana uku. Ya ce gansakuka mai haɗama ce, ba ta iya azumi; Mai-kunya kuwa ta saba. Ran na huɗu ruwa ya fara washewa. Ƙwan Lawali kuma ya aika da shi masallacin unguwa, ya ce can ake da buƙatar haske mai yawa.

Amma abin ya ba shi dabara, don in hadari ya rufe gari da damina ganyen kan yi rawaya. Ran Alhamis ya shirya ya tafi kasuwar Shinkafi neman 'yar siririyar fitilar nan mai farin haske, wadda ba ta zafi. Mai shago ya kunna masa ɗaya bayan ɗaya, Baba na ɗaga tafin hannu yana girgiza kai.

"Babu wadda ta fi wagga rauni?"

"Baba, kowa mai haske yake nema!"

"Ni mai tarbiyya nika nema."

Daga ƙarshe mutumin ya zaro wata da wani ya dawo da ita don ta dushe. Baba ya rungume ta kamar ya tsinci ɗiyarsa. Ya dawo ya fasa gwangwanin madara, ya baje shi, ya yi mata rumfa don hasken ya sauka ƙasa kar ya ɓata a sama. Ba ya kunna ta sai ranar da gari ya yi duhu, kuma la'asar na yi ya kashe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa, gidan kallo ya rufe, sai ga dattawa da samari suna sallama bayan azahar, a zo a zauna a ga kifi. Baba ya ce wannan ita ce talabijin ta halal. Ana cikin kallo, ladan na cewa Allahu Akbar, sai ya ja zane. "An rufe tasha. Ku tashi mu tai masallaci."

Wani matashin malami maƙwabcinmu, mai yawan tsantseni, ya zo masa da tambaya ina tsakar gida ina jin su.

"Baba, tsare halittar Allah cikin gilashi, ba ka ganin akwai magana?"

"Malam, ina ciyar da su?"

"Kana yi."

"Shayarwa fa?"

Malam ya dubi ruwan.

"To sauran mi? In kuwa sutura kaka tambaya, Mai-kunya ta riga matan Kaura duka. Shekara ashirin tana lulluɓi, ba wanda ya yi mata wa'azi."

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Washegari ya dawo da 'ya'yansa kallo.

Bai yi doguwar jinya ba. Kwana huɗu ne, da bazara. Ranar ta uku ya ce a kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya nuna akwatin da haɓa. "'Yar boko, amana. Su biyun." Na gane wa da wa yake nufi: Mai-kunya da Ma'u.

Kuma ni ce na fara cin amanar. Da aka yi rasuwa gida ya cika, mata daga Zurmi, daga Banga, daga Sakajiki, babu wurin shimfiɗa. Maza suka ɗauke akwatin suka ajiye a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, inda rana ke shigowa tun daga azahar. Zanen lulluɓin kuwa, wata baƙuwa ta goya ɗanta da shi. Na gani, wallahi na gani. Ni da na san labarin Lawali. Amma ga tukwane a wuta, ga Inna ta shiga takaba, kullum sai in ce gobe.

Da aka watse bayan kwana bakwai na je na duba. Kore shar. Kifi biyu sun taso a mace. Mai-kunya ta kwanta a ƙasa, gansakuka ta cinye ta, saura 'yan sili. Ma'u kuwa tun ranar jana'iza ko raɗar ta daina. Ba ta gyaɗa kai, ba ta jan zane, abinci sai an yi da gaske. Takan zauna ta ba akwatin baya. Na ce a raina, in ganyen nan ya mutu, ƙofar da yarinyar nan ke leƙowa ta rufe ke nan, kuma da hannuna.

Na sa aka mayar da akwatin ɗakin Baba, daidai inda ƙafafun teburin suka bar shaida a ƙasa. Na yi yadda na ga ya yi: kashi ɗaya cikin uku, ruwan randa, tsumma. Na nemo zanen na wanke na lulluɓe. Kwana uku ban leƙa ba. Ita ma Ma'u na daina leƙa ta. Na daina cewa "ce Umma", na hana yayyenta tsokanarta, in na ajiye mata kwano sai in kau da kai. Wannan ya fi mani azumin bazara wuya.

Ran na huɗu da hantsi na shiga, na kama tagar. Ƙiiiii. Tun da aka ɗauke Baba ba a ji wannan kukan a gidan ba. Na ji Inna daga ɗakinta ta yi salati. Na zura hannu na auna, na yaye zanen.

Ruwan bai washe duka ba, amma ana ganin ciki. A kan ɗaya daga silin nan akwai ɗan toho, ƙarami kamar ƙwayar gero, kore mai tsabta. Ban ji shigowar Ma'u ba, sai dai na ji ɗumin jiki a gefena. Ta ɗaga ɗan tafin hannunta bisa ruwan, ta duba inuwar, kamar yadda yake yi. Ban kalle ta ba. Na zauna a ƙasa na ɗaga hannuwana, hawaye na zuba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, mai taurin kai, mai taushin zuciya. Ya ji tausayin abin da ba ya iya roƙo, kai ma ka ji tausayinsa. Ka yafe masa, ka yafe mana. Ka yalwata masa makwanci, ka sanyaya shi, ka cika kabarinsa da haske.

Sai na ji an ja mani zane. Wata 'yar murya, a dushe, ba a kunnen kowa ba, ni take yi wa:

"Umma, ki ce kar ya yi yawa. Yatsa huɗu ya ishi Baba."