Na Zama Hannun Hagun Mama Constance

Ranar Talata, 14 ga Maris 1989, da hantsi, Ubangiji ya kira Mama Constance Alexander a gidanta da ke garin Bowie, kusa da Washington, tana da shekara saba'in da tara. 'Yarta Irene ce ta bugo mini waya a asibitin da nake aikin nas. Na yi kuka a ɗakin canza kaya, amma a hanyar komawa Lanham sai na kama kaina ina dariya ni kaɗai a mota, don duk abin da na tuna game da ita mai ban dariya ne.

Ga 'yan'uwa da ba su san ta ba, Mama Ba'amurkiya ce, baƙar fata, makaɗiyar fiyano. Tun tana budurwa take kiɗan jazz a gidajen rawa na titin U a Washington, ta kuma ga manyan da suka buɗe wa kiɗan sababbin hanyoyi ido da ido. Da suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗora wa kanta aiki: duk watan Oktoba, ranar wata Lahadi bayan sujada, takan tara jama'a a zauren wata majami'a ta kaɗa kiɗansu tare da ɗalibanta. Kafin kowane kiɗa takan faɗi wanda ya ƙirƙira shi, da abin da ya zo da shi wanda ba a taɓa ji ba, har da abincin da ya fi so. Takan ce faifai hoto ne kawai, in ana so a san mutum sai an ji kiɗansa na fitowa daga hannun mai rai.

Mama, na fara ganinki a watan Mayun 1985, kina kwance a ɗakinmu na asibiti, ɓarin jikinki na hagu ya shanye. Kin ƙi abinci, kin ƙi motsa jiki, kin ce wa Irene ta sanar da mutane babu taro bana. Amma na lura yatsun hannunki na dama ba sa hutawa a kan ƙarfen gado. Wata rana ina gwada jininki na ce miki ni ma na ɗan taɓa fiyano a majami'armu ta Kagoro. Kika dube ni tun daga hula har takalmi, kika ce, "Dorkas, hannunki na hagu yana da wani aiki ranar Asabar?"

Haka na fara zuwa Bowie bayan an sallame ki. Muna zama a benci ɗaya, ke a dama kina kaɗa zaƙin waƙar, ni a hagu ina riƙe mata gindi. Ban taɓa shan faɗa irin na watannin nan ba. Kika ce ina kiɗa kamar mai raka gawa. Kika sa na tashi na yi ta zagaya falonki, wai sai na koyi tafiyar macen da ta sa sabon takalmi kuma ta san ana kallonta. Maigidana Bartholomew, wanda ke kai ni a mota ya zauna yana jira, ya ce mini, "Maman Olive, shekara takwas muna tare ban san kin iya yanga ba, sai da tsohuwar nan ta tono ki." A cikin wannan faɗan kika koma cin abinci, kika koma takawa da sanda.

Ranar taron zauren ya cika har bakin ƙofa. Kiɗa uku na farko suka wuce lafiya. A na huɗu, mai sauri, na ɗaga kai na ga jama'a, komai ya gudu daga kaina. Hannuna bai tsaya ba, amma abin da ya kama kaɗawa shi ne kiɗan gangar Zumuntar Mata, wanda uwata ke rawa da shi a gida. Na jira ki tsaya. Sai na ji kin ƙyalƙyale da dariya, kika bi ni da hannun dama, ɗalibinki mai ganga ya bi ki, muka yi ta tafiya har muka faɗo kan waƙar daidai inda na yar da ita. Da aka gama tafi kika gaya wa jama'a cewa wanda ya ƙirƙira kiɗan, da yana zauren, da ya sace wannan salon kafin ya kai bakin ƙofa.

Oktoba huɗu muka yi tare. Kika koyi cin tuwon shinkafa, kika dage sai kin gaishe ni da "Sannu da aiki" ko da ban taɓa komai ba. 'Yan'uwanmu na gida da ke garuruwan Clinton da Lanham suka fara cika layin gaba da manyan ɗankwalayensu, na baya na miƙa wuya.

Bayan jana'iza Irene ta nuna mini wani littafin rubutu da ta samu a cikin bencin fiyano. Sunaye arba'in da ɗaya ne a ciki, na makaɗan da Mama take so a ci gaba da kaɗawa, kowanne da bayaninsa da kiɗan da ya kamata a fara da shi. Nata sunan ba ya ciki. Irene ta karɓi birona ta rubuta shi a lamba ta arba'in da biyu, kuma ɗalibai sun yarda da shi za a buɗe taron bana.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina ga Irene, da jikoki, da ɗaliban Mama duka. Allah ya ta'azantar da zukatanku, ya ba ku ƙarfin riƙe abin da ta bari. Ke kuma Mama, Ubangiji ya yi miki jinƙai, ya karɓe ki cikin hutunsa, ya sada mu a gabansa da murna. Amin.

Dorkas Katung, Lanham