Ranar da Aka Ce Mini Bibata Ta Rasu

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar tashar Sakkwato, ni da mahaifiyata, kowa da ƙullinsa a cinya. Kaduna muka nufa, kuma jama'a, ba yawon buɗe ido ya kai mu ba. Inna Bazabarma ce daga wani ƙauye kusa da Doso a Nijar, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Ita ta raini Bibata, 'yar yayana, tun tana goye har ta isa shiga sakandare, sannan uban ya ɗauko ta zuwa Kaduna inda yake tuƙin mota. Da farko kullum sai sun yi waya. Daga baya yarinya ta daina ɗauka, in an kira uban ya ce tana barci ko ta tafi islamiyya. Da Inna ta zo wurina Sakkwato ganin likitan ido, sai ta kafe cewa ba ta komawa gida sai ta ji muryar jikarta da kunnenta. Wanda ya san Inna kuwa ya san ɓata baki ne yi mata musu.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ga shi an danna mu kamar buhunan albasa. A Talata Mafara na sayi soyayyen kifi, Inna ta ɗanɗana ta yatsine fuska, wai wannan kifin rijiya ne, mai son kifi ya je bakin kogin Kwara. Na fassara wa mutanen mota, har direba sai da ya dara.

Muna wuce Gusau hira ta mutu. Direba ya kashe rediyo ba tare da kowa ya ce masa ba. Damina ta zauna sosai, amma gonakin bakin hanya ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Mun wuce wani ƙauye ƙofofi a buɗe, babu hayaƙi, babu ko akuya. Ta wata katanga da ta zube na hango turmi da taɓarya a ciki, kamar mai dakan ta shiga ɗaki ɗauko wani abu ne. Kowa a motar bakinsa na motsi, ba ka jin sauti. Sai a Funtuwa aka samu mai ƙarfin halin tambayar kuɗin dafaffen ƙwai.

Mun bi ta Zariya da Rigachikun, muka sauka Kawo bayan azahar, muka hau keke zuwa Rafin Guza. Unguwa ce cunkus, maƙera da masu walda da 'yan tireda kowa na ta kansa. Yayana ya yi lodi zuwa Legas, matarsa muka tarar. Ta ce Bibata na makaranta, 'yan ajinsu da rana suke shiga. Inna ko ruwa ta ƙi sha, ta ce a kai ta.

Maigadi ya ba mu benci a gindin wata darbejiya, ya ce mu jira a tashi. Hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cik. Wasu 'yan mata suka fito shan ruwa a famfo, fararen hijabai har gwiwa, suna hira rabi Hausa rabi Turanci. Na ƙarasa na tambaye su ko sun san Bibata, wadda a makaranta ake kira Habiba.

"Habiba 'yar Nijar?" in ji wata doguwa. "Allah sarki, Anti. Ai ta rasu."

"Allah ya jiƙanta," sauran suka amsa baki ɗaya. Babu wadda ta yi murmushi.

Wallahi yanzun nan na baro matar yayana da ta ba ta abincin rana, amma sai da na kusa yarda. Na gode wa Allah da Inna ba ta ji me aka ce ba. Na ɗaga kai, sai ga Bibata ta tagar aji, a can baya, da ranta da lafiyarta. Kujerun da ke kewaye da ita babu kowa. A kan teburinta an tara 'yar ƙasa, an yi mata tudu mai tsawo irin na kabari, ita kuma ta raɓa littafinta a gefe tana rubutu don kada ta taɓa.

Na damƙi hannun doguwar na ce ta yi mini bayani ko mu kwashi 'yan kallo. Ko a jikinta. Ta ce wasa ne kawai, binnewa suke kiransa. Malamai Turanci suke so, su kuma Hausa suke yi a tsakaninsu, duk abin da ya fita daga biyun nan yare ne. Wadda aka kama tana yare a makaranta sai a binne ta, ba mai yi mata magana, ba mai amsa mata, in sunanta ya taso a ce marigayiya. Habiba waya ta ɗauka a bayan aji lokacin hutu, aka ji ta tana ta zuba wani abu mai kama da surkulle. Na tambaya yaushe ake tone mutum. Ta ce sai ranar da kowa ya shaida ta bar yaren. Ta ƙara da cewa ita ma an binne ta a aji ɗaya saboda Nufanci, ga shi yanzu ko gaisuwa ba ta iyawa. Da alfahari ta faɗa, tana gyara hijabi.

A nan na gane wayar wa aka ɗauka a bayan aji, ta Inna ce.

Aka kaɗa ƙararrawa. Yara suka yi ta fitowa, Bibata a tsakiya, an bar mata fili ta kowane gefe kamar mai cutar da ake ɗauka. Inna da idonta bai gani sosai, ita ta riga ni gane tafiyar jikarta. Ta miƙe da ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino a hannu, ta ƙwala kiran "Bibata!", ta shiga jero mata kirarin da take yi mata tun tana rarrafe, da Zabarmanci, da ƙarfi, ga murna.

Fararen hijabai suka juyo gaba ɗaya, ba Inna suke kallo ba, Bibata suke kallo. Ta dubi kakarta ido cikin ido, ta ɗauke kai, ta wuce ta gefenta har hijabinta na shafar hannun tsohuwa, ba ta waiwayo ba.

Sai na ji doguwar nan ta ce, "Habiba, jira mu mana!" Suka ruga suka rungume ta, ana ta shewa. An tone ta ke nan. Ruwa ya sauko a lokacin, na ja Inna muka fake a ɗakin maigadi, tana ta ce mini wataƙila yarinyar ba ta gan ta ba ne.

A gida raina a ɓace yake, na so in ci mutuncin Bibata, amma na tarar idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta gaida Inna da Hausa. Inna ta yi mata Zabarmanci, ta amsa da Hausa. Na ce, "Ke, nan ba makaranta ba ce." Ta ce, "Goggo, in na saba a gida, zai suɓuce mini a can." Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu da suka yi shekaru suna kwana kan tabarma ɗaya. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Da na kira yayana ina faɗa, cewa ya yi in rabu da ita, shi ma a tashar Mando ba wanda ya san daga inda ya fito.

Kwana kaɗan muka yi muka juyo. Ni dai abin da na koyo, yaranmu na da wata hukuma tasu da ba mu san da ita ba, kuma sun fi tsoronta a kan tsoronmu. Mai ɗa a makaranta ya daure ya riƙa leƙawa ta taga.

A hanyar komawa, muka wuce Zariya. Can Inna ta taɓa ni, ta tambaya yadda ake cewa "na yi kewarki" da Hausa. Na faɗa mata. Ta maimaita, ta karkace, na gyara, ta sake. Ta ce in ƙara mata wasu, ba da yawa ba, daidai waɗanda za su isa waya. Har muka shiga Sakkwato tsohuwar nan tana bita a hankali, tana tambayata ko yanzu yarinyar za ta ɗauka.